Zangon rediyo da ɗanyen mai mai kauri: farfasa shi yake yi ko narkar da shi?

"Assalamu alaikum, Injiniya, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin lantarki, ina aji huɗu. Na ji ana cewa a Kanada suna zura eriya cikin rijiyar mai su sakar mata zangon rediyo, wai sai ɗanyen mai mai kauri ya farfashe ya koma mara nauyi tun yana ƙarƙashin ƙasa, ba ruwa ba tururi. Da gaske ne? In haka ne, me ya sa ba a daina amfani da tururi ba, kuma me zai hana a yi wa kwaltar da ake cewa tana jibge a Ondo haka?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyi uku ka dunƙule wuri ɗaya: ko zangon rediyo yana farfasa mai, me ya sa har yau tururi ke riƙe da fagen, da kuma ko abin zai amfane mu a gida. Batun eriyar gaskiya ne, an zura ta an kunna, ba sau ɗaya ba. Sai dai aikin da take yi a can ƙasa ɗumamawa ne. Tana sa man ya saki jiki ya gangaro cikin rijiya, amma man da ya fito shi ne dai wanda ke kwance tun farko, da nauyinsa da dattinsa. Wanda ya ba ka labarin ya haɗa ayyuka biyu ya mayar da su ɗaya, alhali tsakaninsu akwai tazarar zafi ta kusan digiri 300 da kuɗi mai yawan gaske.

Irin man da ake fama da shi

Masu harkar mai suna auna nauyinsa da ma'aunin API, inda babbar lamba ke nufin mai mara nauyi. Bonny Light ɗinmu ya haura 30. Duk abin da ya gaza 22 ana kiransa mai nauyi, wanda kuma ya gaza 10 ya fi ruwa nauyi, in ka zuba shi a ruwa nutsewa zai yi. Kwaltar yankin Athabasca da ke lardin Alberta na Kanada tana wajen 8, haka ma mafi yawan man yankin Orinoco na Benezuwela. Bambancinsu shi ne ƙasar Orinoco tana da ɗumi, man yana ɗan motsawa da kansa, ita kuwa ta Athabasca zafinta bai wuce digiri 10 ba, don haka kwaltar ta fi ruwa kauri sama da sau miliyan ɗaya. Ka haƙa rijiya ka zauna shekara, ko kofi ɗaya ba zai taru ba.

Abin da ya ceci masu wannan mai shi ne kaurin yana faɗuwa da sauri ƙwarai idan ya ji zafi. A digiri 100 ya sauko zuwa 'yan ɗaruruwa, a digiri 200 kuma ya kusa sau goma na ruwa kawai, yana gudu cikin yashi ba gardama. Kamar man ja ne da ya daskare a kwalba lokacin hunturu: ka ajiye shi a rana ya tsinke, dare ya yi ya koma yadda yake. Ka riƙe wannan komawar, zan dawo kanta.

Kusan kashi 80 cikin 100 na kwaltar Alberta ta yi zurfin da ba za a tone ta da katafila ba, shi ya sa ake bin ta da tururi. Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce wadda injiniya Roger Butler ya ƙirƙiro a shekarun 1970, wadda ake kira SAGD. Ana haƙa rijiyoyi biyu a kwance, ɗaya a saman ɗaya, tazarar mita biyar tsakaninsu. Ta sama tana hura tururi mai zafin sama da digiri 200, kwaltar ta narke ta tsiyayo ta ƙasa, famfo ya ɗauko ta. Tana aiki, amma tana da ci. Ganga ɗaya ta mai tana buƙatar a dafa ruwa wajen ganga uku, da tukwanen tururi masu shan iskar gas dare da rana, da wata babbar ma'aikata ta tsabtace ruwan da ya dawo. Gudun wannan ɗawainiya ne ya sa aka koma neman wata hanyar kai zafi ƙasa.

Abin da zangon yake kamawa a ƙasa

Zangunan da aka fi gwadawa ba baƙi ba ne a wurin duk wanda ya taso yana murɗa akwatin rediyo. Megahaz 13.56 yana daf da mita 22 a gajeren zango, megahaz 6.78 kuma yana tsakanin mita 41 da 49. An zaɓe su ne domin suna cikin waɗanda dokokin sadarwa na duniya suka ware wa masana'antu da asibitoci. Tiransimita tana sama, kebul yana bin rijiya, eriya tana kwance cikin yashin mai. Bambancin kawai shi ne gidan rediyo yana so saƙonsa ya yi nisa ba tare da ya ɓace ba, mu kuma so muke ya ɓace gaba ɗaya cikin 'yan mitoci, domin ɓacewar ita ce zafin.

To, wa ke shan wannan ƙarfin? Ba man ba ne. Tun da ɗalibin lantarki ne kai, ka tuna darasin abubuwan da ake sa wa tsakanin faranti biyu na kafasito: lambar da ke nuna yadda abu ke riƙe ƙarfin lantarki, ta ruwa wajen 80 ce, ta mai kuwa 2 zuwa 3. Zangon rediyo kusan ratsa mai yake yi ya wuce abinsa. Abin da ke kama shi shi ne ɗan siririn ruwan da ke lulluɓe da kowace ƙwayar yashi, da gishirin da ya narke cikinsa. A waɗannan zanguna na ƙasa-ƙasa, kai-komon gishirin ne ma ke kawo mafi yawan zafin. Ruwan ya yi zafi, ya ba yashi, yashi ya ba mai.

Daga nan wani abu mai daɗi yake faruwa, kuma shi ne babbar hujjar masu wannan fasaha. Idan ruwan da ke jikin eriya ya tafasa ya tashi, yashin wurin ya bushe, sai ya daina shan ƙarfin. Zangon ya ratsa busasshen wurin ya je ya sauke zafinsa a gaba, inda sauran danshi yake. Haka da'irar take faɗaɗa da kanta. Hitar lantarki ta yau da kullum ba ta iya wannan, domin ita jikinta ne ke zafi, sai zafin ya yi ta rarrafe cikin ƙasa a hankali.

Amma ka lura da abin da wannan ke nufi ga tambayarka. Da zarar ruwa ya ƙare a wuri, zafin wurin ya kusa kai iyakarsa, wato daidai inda ruwa ke tafasa a matsin da ke can, yawanci tsakanin digiri 100 da 200. Wannan ya isa a narkar da kwalta. Bai ko kusanci inda ake farfasa ta ba.

Farfasawa wani aiki ne daban

Kaurin wannan mai ya samo asali ne daga manya-manyan ƙwayoyi masu dogayen sarƙoƙin kabon da zobba masu manne wa juna. Kafin mai ya zama mara nauyi na dindindin, dole a tsinka waɗannan sarƙoƙi. Ga lissafin da za ka iya yi da kalkuletarka: haɗin kabon da kabon yana buƙatar wajen elektaron-bolt 3.6 kafin ya tsinke. Ninka lambar Planck da zangon na'urar ɗumama abinci, megahaz 2,450, za ka samu wajen elektaron-bolt 0.00001. Ya gaza abin da ake buƙata da kusan sau dubu 350. A megahaz 13.56 gazawar ta haura sau miliyan 60. Ƙara ƙarfin tiransimita ba ya gyara wannan, yawan zafi kawai yake ƙarawa. Saboda haka duk wata farfasawa da za ka gani a ƙarƙashin zangon rediyo, zafi ne ya yi ta, irin yadda wuta za ta yi.

Zafin kuma ba ɗan kaɗan ba ne. Sarƙoƙin suna fara tsinkewa da saurin da za a lura da shi ne daga wajen digiri 350. A matatun mai ana kai shi 450 zuwa 500 domin a gama cikin ɗan lokaci. Sannan ga matsalar haidirojin. Kwalta tana da ƙwayar haidirojin wajen ɗaya da rabi a kan kowane kabon, mai mara nauyi kuwa yana kusa da biyu. Ko dai ka ƙaro haidirojin daga waje, wanda ke buƙatar matsi mai tsanani da sinadarin zuga, wato mai hanzarta aikin, ko ka zubar da rarar kabon ɗin a matsayin gawayi. A matata gawayin ana kwashe shi a sayar. A ƙarƙashin ƙasa kuwa kan eriyarka zai taru, ya toshe ƙofofin yashin da man zai bi, kuma da yake gawayi yana ɗaukar wutar lantarki, sai ya rikita aikin eriyar kanta. Farar wutar da ke cikin kwaltar, kashi 4 zuwa 5 cikin 100, ita ma wani sashenta zai fito a matsayin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe mutum nan take.

Ba wai ba a taɓa farfasa mai a ƙasa ba. Kamfanin Shell ya yi haka a jihar Kolorado ta Amurka a kan dutsen mai, da hitocin lantarki da ya bari suna ci tsawon shekaru har ƙasar ta kai wajen digiri 350, kuma mai mara nauyi ya fito. Duk da haka ya tattara ya bar aikin a 2013. Ilimin ya tabbata, kwalliya ce ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ni aikina a wannan fanni na ɗakin gwaji ne, ba na bakin rijiya ba, kuma a nan ne na ga inda jita-jitar farfasawa ke samun gindin zama. Ka zuba kwalta tsantsa a kofin gilashi ka sa ta a na'urar zangon, minti goma ta wuce da ƙyar ta yi ɗumi. Ka barbaɗa mata garin gawayi ko garin ƙarfe ka mayar, cikin daƙiƙoƙi za ka ga tartsatsi shuɗi yana wasa tsakanin ƙwayoyin, farin hayaƙi ya tashi, ɗigon mai ruwan ɗorawa ya fara taruwa a bututun sanyaya. Ma'aunin zafi yana nuna maka 200, sai mai binciken ya yi murna ya rubuta cewa ya farfasa mai a digiri 200, wai zangon yana da wani sirri ban da zafi. Alhali jikin kowace ƙwayar gawayi ya ninka haka, ma'aunin matsakaicin kofin kawai yake gani. In ma'aunin na ƙarfe ne ma, shi kansa ya zama ƙaramar eriya, karatunsa ba abin dogaro ba ne, shi ya sa ake amfani da na zaren gilashi.

Akwai kuma batun komawar da na ce ka riƙe. Samfurin da aka auna da yamma bayan an ɗumama shi yakan nuna kauri ya ragu, domin manyan ƙwayoyin sun warwatse ba su gama komawa jikin juna ba. Ka rufe kwalbar ka ajiye ta a kanta makonni kaɗan ka sake aunawa a zafi ɗaya, sau da yawa za ka tarar kaurin ya hau. In kofin a buɗe yake lokacin ɗumamawa, yana iya ma fin na da, saboda ɓangaren mara nauyi ya tsere cikin iska. Don haka idan ka ci karo da rahoton da ke cewa kauri ya ragu da kashi kaza, ka nemi sanin yaushe aka auna, da me aka auna zafin, kuma ko an ɗumama wani samfurin a tanda ta yau da kullum zuwa zafi ɗaya domin a gwada su. Rahoton da bai amsa waɗannan ba, ni ba na ɗora komai a kansa.

Wannan dabara ta garin gawayi ba banza ba ce, kada ka fahimce ni a baibai. A cikin tukunyar matata, inda za ka iya cakuɗa komai daidai ka kuma kwashe gawayi, kai zafi kan sinadarin zuga kai tsaye ba tare da dafa dukan man ba abu ne da ya cancanci bincike. Rarraba irin wannan gari cikin yashi mai faɗin filin ƙwallo da yawa, a zurfin ɗaruruwan mitoci, shi ne ba na ganin hanyarsa.

Gwaje-gwajen da aka yi a fili

Tunanin ya daɗe. Bayan tashin farashin mai na shekarun 1970, wata cibiyar bincike ta Illinois mai suna IITRI ta gwada shi a jihar Utah a farkon shekarun 1980, a kan dutsen mai da yashin kwalta. A farkon shekarun 1990 an gwada tiransimita mai kilowat 25 a megahaz 13.56 a wani filin mai kusa da Bakersfield a Kalifoniya. Wanda nake zaton labarinsa ya iso gare ka shi ne ESEIEH, haɗin gwiwar kamfanin Harris, wanda ya yi suna a harkar sadarwa, da kamfanonin mai irin su Suncor da Nexen. Sun fara da gwaji a bangon mahaƙar Steepbank a 2012, sannan suka koma rijiya sosai a Dover a 2015, duka a Alberta. Ka duba dabararsu da kyau: ba su nemi zafi mai yawa ba sam. Suna ɗumama ƙasar ne zuwa ƙasa da digiri 100, sannan su tura gas dangin na girki ya shiga kwaltar ya tsinka ta, wato ya rage mata kauri. Ko su da suka zuba kuɗinsu ba su dogara da zangon shi kaɗai ba. Na baya-bayan nan shi ne na kamfanin Acceleware na birnin Calgary, wanda ya kunna na'urarsa mai megawat 2 a Marwayne da ke Alberta a 2022, aka kuma dakatar bayan 'yan watanni domin gyara a ƙarƙashin ƙasa.

Sama da shekara 40 ke nan, kuma babu filin da ke fitar da dubban ganguna a kullum ta wannan hanya, alhali SAGD ta shiga kasuwa sosai tun 2001 a Foster Creek da ke Alberta. Dalilan na fanninka ne fiye da nawa. Bututun ƙarfe da ake jera wa rijiya yana tare zangon, dole a sa na zaren gilashi ko a yanyanka ƙarfen da abin da ba ya ɗaukar wutar lantarki, kuma waɗannan ba sa jure zafi da matsi kamar ƙarfe. Kebul mai ɗauke da ɗaruruwan kilowat a rami mai faɗin tafin hannu shi ma yana zafi, sai an sanyaya shi, kuma ɗigon ruwan gishiri ɗaya ya shiga mahaɗa ya isa ya jawo tartsatsin da zai ƙone layin. Ga kuma abin da ya fi ba injiniyoyi ciwon kai: ƙasar da ke kewaye da eriya tana canjawa kullum yayin da take bushewa, don haka daidaiton da ka yi tsakanin tiransimita da eriya yau, gobe ya goce, ƙarfin ya riƙa dawo maka sama. Eriyar gidan rediyo in ta lalace mutum ya hau ya gyara. Wannan sai an kawo injin haƙa an zaro ta, a yi asarar makonni, ƙasar kuma tana hucewa.

Lissafin wuta

Bari mu yi na kan takarda, da lambobi a dunƙule. Ɗauki yashin kwalta mai tsawon mita ɗaya, faɗi ɗaya, zurfi ɗaya. Ɗaga zafinsa daga digiri 10 zuwa 100 yana cin wajen yunit 60 na wuta, irin yunit ɗin da mitar gidanku ke ƙirgawa. A cikinsa akwai mai kamar ganga ɗaya da rabi, in ka yi sa'a ka kwaso rabi. Ka ga ganga ɗaya ta tashi a yunit 80. Zafi yana zurarewa sama da ƙasa zuwa duwatsun da ba su da mai, sai ka ninka biyu. Tiransimita da kebul su ci nasu kason, ka kai wajen 200. In wutar daga tashar gas ta fito, wadda ko mai kyau ce wajen rabin ƙarfin gas ɗin take mayarwa lantarki, ka ƙona gas na yunit 400 ke nan. Tukunyar tururi tana ƙona na wajen yunit 300 a kan kowace ganga. Ribar da aka yi alkawari ta zagwanye, sai fa in wutar ta madatsar ruwa ce ko wata mai arha, ko an haɗa da gas mai tsinkawa an rage zafin da ake nema. Wannan duk na narkarwa ne. In ka ce sai digiri 400, lissafin ya ninka sama da sau huɗu.

Inda nake ganin zangon rediyo zai ci kasuwa shi ne inda tururi ya gaza. Shimfiɗar mai siririya, wadda tururi zai ɓata zafinsa a duwatsun sama da ƙasa. Wadda take kusa da doron ƙasa ba ta da murfin dutse mai ƙarfi, inda matsin tururi zai iya fasowa waje. Ƙasa mai yumɓun da ke kumbura in ya sha ruwa. Arewacin Alaska, inda tururi zai narkar da daskararriyar ƙasar da rijiya ke tsaye a kai. Da tsofaffin filayen yankin Lloydminster na Kanada, inda aka zuƙi mai tare da yashi aka bar ramuka, aka kwashi wajen kashi 10 cikin 100 kawai, tururi kuma in an hura bin ramukan yake yi ya tsere.

Batun Ondo

Kwaltar tana nan, daga gefen Legas ta ratsa Ogun da Ondo har Edo, kuma a wurare irin Agbabu tana tsattsafowa har doron ƙasa. Ita ce ma ta fara jawo masu neman mai Najeriya: kamfanin Nigerian Bitumen Corporation ya haƙa rijiyoyi a yankin tun wajen 1908, kusan shekara 50 kafin a samu mai a Oloibiri a 1956. Kasancewar wani sashenta ba shi da zurfi ya sa ta shiga jerin wuraren da tururi ke da haɗari, wannan maki ne ga zangon rediyo. Amma yanki ne mai ruwan sama da yawa, ruwan ƙasa yana kusa, kuma in ruwa yana kwararowa yana maye gurbin wanda ya tafasa, busasshiyar da'irar nan ba za ta kafu ba, eriya za ta yi ta dafa ruwa ne kawai. Sannan rijiya ɗaya tana neman megawat 1 zuwa 2 ba yankewa, a ƙasar da dukan layin wutarta ke kai-komo tsakanin megawat dubu 4 da dubu 5. Dole mai aikin ya kafa tasharsa, in kuwa gas zai ƙona, mun koma lissafin da muka yi a sama.

Ni a ganina tambayar farko a Ondo ita ce me ake so a yi da kwaltar. Najeriya tana da mai mara nauyi da duniya ke rububi, amma kwaltar shimfiɗa titi shigo da ita take yi daga waje. Ko matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, sashenta na man giris da kwalta an tsara shi ne a kan ɗanyen mai da za a sayo daga ƙetare, domin namu ba ya bayar da su yadda ake so. Manyan ƙwayoyin nan da Kanada ke kashe kuɗi tana neman rabuwa da su, su ne ke riƙe tsakuwa a titi. Ga sashen da ke kusa da sama, tona da wankewa da ruwan zafi sun wadatar, ga na ɗan zurfi kuma ɗumi kaɗan da zai sa ta gangaro shi ake buƙata. In kana neman aikin kammala digiri a nan, ka samo yashin Agbabu ka auna yadda yake shan zango daga megahaz 1 zuwa 30, yana jiƙe da kuma yana bushewa mataki-mataki, domin duk wanda zai zana eriya don wannan ƙasa da waɗannan lambobin zai fara.